Jeren Gidan da Babu Amarya

Ni na fara ganin abin nan kafin kowa. Tun 'yan Abuja ba su fara ɗora hoton falo a waya ba, tun yaran Samaru ba su fara kiransa sana'a ba, ni Bahago Dillali na Ƙofar Kuyambana na san gidan da babu kowa a ciki ba ya sayuwa. Tun ana cinikin gida da shaidar mai unguwa da ƙwaryar goro nake shiga kango da tsintsiya, in share, in yayyafa ruwa, in shimfiɗa tabarma a zaure, in ajiye buta a gefe, sannan in je in ɗauko mai saye. Yana shigowa zai ga wurin zama. Yana zama kuwa ciniki ya faɗa.

Ban taɓa shiga aji ba. Sunana ma da dangwale nake sa shi. Amma motar da ta kife da mu a hanyar Birnin Gwari ni kaɗai na fito da ƙafata. Gobara ta cinye rumfata, na kafa wata. Likitoci sun tsaga cikina suka ce wa 'ya'yana su yi haƙuri, ga ni nan ina cin tuwon dawa da man shanu. Uwar 'ya'yana ta riga ni, Allah ya jiƙanta, na zauna ni kaɗai a gidana na ƙasa ban roƙi kowa ya dafa min ba.

Wannan rubutun jikata Ihsan ce take buga shi, ni ina faɗa. Na gargaɗe ta kada ta gyara min magana. Ku masu rubuta sharhi a ƙarƙashin labarin nan a waya kuna cewa wai tsoho ba ya soyayya, ku gyara zama.

Akwai wata mata a Ƙofar Doka, Hajiya Kulu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune a gidan yayanta Malam Idi. Sana'arta turaren wuta da jeren ɗakin amare. Duk amaryar da Kulu ta yi wa jere a cikin birni, dangin miji ba sa samun abin tsegumi. Ba doguwa ba ce, ba gajera ba, tana da wushirya, kuma in ta ɗaura kallabi sai ka rantse da awo ta ɗaura shi.

Na daɗe ina zuwa zaurensu sayen turare. Namijin da ba mace a gidansa, me zai yi da turaren wuta? Kwalabe sun cika min alkuki, sun sauko ƙarƙashin gado. Ita ta sani, ni na sani. Takan ce, “Malam Bahago, wancan har ya ƙare?” In ce, “Ɗakina da faɗi, Hajiya.” Sai ta rufe baki da mayafi. Ban furta ba, don namiji irina ba ya gaggawa. Ina jiran lokaci.

Ana nan sai saƙon murya ya shigo min daga Zaharaddini, ɗan marigayi aminina. Ni na riƙe ragon sunansa. Ya yi arziki a Abuja, ya rushe wani kango kusa da mu ya gina bene irin wanda ba a taɓa gani ba a unguwar: tayil har bango, silin mai fitilu a ɓoye, rijiyar burtsatse, sola a kan rufi, banɗaki a kowane ɗaki. Bai kwana a ciki ba ko sau ɗaya.

“Baba,” in ji shi, “don Allah gidan nan ya fita. Amma ka rufa min asiri. Kada kowa a cikin birni ya ji sayarwa zan yi sai an gama ciniki. Ka san baffannina, za su ce na karye, su taru a kaina.”

Na danna na ce, “Maganar ta mutu a wurina.”

Ku yaran yanzu ba lalle ku gane ba. A cikin ganuwa, mutum ya sayar da gidan da ya gina a unguwar ubansa, kamar ya tsaya a kasuwa ne ya ce aljihunsa ya huje. To na ba yaro kalmata.

Na kawo masu saye daga waje da sunan baƙin Zaharaddini ne. Kowa ya shiga ya yi sallama sai gidan ya amsa masa da muryarsa. Matar wani ɗan kasuwa daga Funtuwa ta ƙanƙame mayafi ta ce ita ba ta zama inda bango ke mayar da magana. Tabarma da buta sun yi wa wannan gida kaɗan. Nan na kira Ihsan. Ta yi karatu a Samaru, sana'arta ke nan, shirya gidan sayarwa: ta yi hayar kaya, ta tsara, ta ɗauki hoto, in an saya ta kwashe. Na sa ta rantse kan sirrin.

Ta zagaya gidan tana taɓa bango. “Angona,” haka ja'irar take kirana tun tana rarrafe, “wannan aikin sai an kawo kaya mota guda.”

“A kawo biyu.”

“Ji tsoho da ƙarfin hali. Kai za ka ɗauka a ka?”

“Na ɗauki uwarki a kafaɗa daga nan har Tudun Wada, kujera ce za ta gagare ni?”

Abin da ba mu lissafa ba shi ne lungu. Ƙaramar mota tana shiga da dabara, amma babbar motar kaya daga Sabon Gari a bakin titi ta tsaya. Sai a ka. Da hantsi, rana tsaka, ga gado mai allon kai kamar ƙofar fada yana tafe a kan ƙarti. Ga katifa cikin leda. Ga kujeru ruwan toka, ga madubi an naɗe shi da bargo, ga firji, ga kwalaye. Ni kuma ina tsaye bakin get cikin shaddata mai aska biyu da hula zanna, ina nuni da sanda: “A hankali da wannan! Kai, ɗaga ƙafar, kada ka goge fenti!”

Mata suka leƙo ta kan katanga. Kafin kujerar ƙarshe ta shige, wata tsohuwa a maƙwabta ta rangaɗa guɗa.

Kun san dalili. A garin nan gado da madubi ba sa ratsa lungu su shiga sabon gida sai don abu ɗaya. Da azahar a masallaci aka kewaye ni.

“Malam Bahago, ashe abin arziki ake yi ba labari?”

“Yaron nan Zaharaddini ya kyauta, ya riƙe amanar ubansa. Bene sukutum ya ba ka!”

“'Yar wane gida ce?”

Me zan ce? In na ce ba aure ba ne, sai a ce to mene ne. Na gyara wuyan riga na ce, “Ku dai zuba ido.” Kuma tsakani da Allah, me ya sa ba za su zata ba? Bene ya fi ƙarfina ne?

Ihsan ta yi aikinta, kuma yarinyar ta iya. Ba ta cika falo da kaya ba, ta ce a bar wa ido wurin tafiya. Ta ja kujeru daga jikin bango, ta shimfiɗa kafet a tsakiya, ta kafa labule tun daga silin har ƙasa sai ɗakin ya ƙara tsayi. Ta jera faranti a teburin cin abinci kamar yanzu za a zubo shinkafa. A falon maigida ta sa darduma da kantar littattafai da kujera guda kusa da taga. Na yi sallama don gwaji, gidan ya yi shiru, ya daina amsawa.

Amma da ta hau sama ɓangaren mata sai ta sauko tana tsaki.

“Kaka, can ya ƙi ni. Duk yadda na juya shi otal yake komawa. Mai saye a nan da matarsa zai zo, ko da 'yar'uwarsa. Su ne masu cewa a saya.”

“Kira Hajiya Kulu.”

Ta kalle ni ta gefen ido. “Don gidan, ko don mai sanda?”

“Don ubanki. Ba ni wayar.”

Na aika mata saƙon murya: “Hajiya, barka da war haka. Akwai jere a sabon benen nan na unguwarmu. Ba na son hannun kowa a ciki sai naki.” Can sai ga nata, gajere: “To, Malam. Allah ya kai mu.”

Ta zo da safe cikin atamfa shuɗiya mai zanen ganye, mayafi fari, sabon lalle a tafin hannu. Mata biyu na biye da ita da kwalaye. Ihsan ta gaishe ta, ta nuna mata ɗakunan, ta fita karɓo fitilu. Ni na tsaya daga bakin ƙofa.

Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba, ni da na ga aiki. Gadon da Ihsan ta sa a tsakiya, Kulu ta sa aka mayar da shi inda mai kwanciya ba za ta miƙe ƙafa gabas ba. Ta ɗora zanin gado mai nauyi, ta ja shi har ba ƙwayar tattara. A kabad ɗin gilashi ta jera kwalla da samira, manya a ƙasa, ƙanana a sama, kowace murfinta na kallon ƙofa. A kicin ta rataye ludayi da mara da faifai sababbi kusa da tukwanen zamani. A barandar sama ta sa aka girke randa da moɗa, ta ce ruwan firji ba ya kashe wa babba ƙishi. Duk tana yi ba ta kalle ni ba.

Da aka zo kafa madubi sai ta tsaya, bayanta gare ni.

“Malam, mai ɗakin yarinya ce ko babba? Don in san kalar labule.”

Jama'a, ni a raina wa zan gani a ɗakin nan? Na ce ga dama ta samu, bari in jefa mata magana.

“Babba ce, Hajiya. Mai hankali. Wadda ta san ƙamshi.”

“Uhm. Tsayinta fa?”

“Kamar ke. Ko ɗan yatsa ba ta fi ki ba.”

Ta tsaya gaban bango, ta sa farce ta yi alama daidai goshinta. “A kafa nan,” ta ce wa matan. Ta hura gawayi a kasko, ta zuba turaren da ban taɓa jin irinsa ba, ta bi ɗaki ɗaki, ta rufe tagogi don labule ya sha. Da na kawo maganar ladan aikinta sai ta gyara mayafi.

“Bar shi. Gudummawata ce. Allah ya ba da zaman lafiya.”

Na koma gida ina taku ɗai-ɗai. Na ce a raina, mace ta yi maka aiki irin wannan ta ƙi karɓar ko sisi, Bahago, magana ta ƙare.

Daga ranar waya ta yi shiru. In aika gaisuwa, Ihsan ta duba ta ce, “Ta saurara, ba ta amsa ba.” Na je sayen turare, aka fito aka ce ya ƙare. Turaren Kulu ya ƙare! Na ce jan aji ne, mata duk girmansu sai sun taɓa.

Ihsan ta ɗauki hotuna da sassafe lokacin da rana ke shigowa ta tagar gabas, ta tura wa dillalan Kaduna ba tare da sunan unguwa ba. Ba a jima ba aka kira. Wani Alhaji Salisu, ɗan asalin birni ne, ya yi ritaya daga aikin gwamnati, yana son ya dawo gida.

Ya zo ranar Talata da hantsi tare da ƙanwarsa. Ba zan rage shi ba: mutum ne kamili, farin yadi, tabarau, carbi a hannu, ya gaishe ni da hannu biyu. Ihsan ta buɗe labule, ta kunna fitilu, ta ja gefe. Falo ya burge shi. Ya zauna a kujerar nan ta bakin taga, ya miƙe ƙafa. Na ce a raina ya zauna, saura kaɗan.

Muka hau sama. Ana buɗe ƙofa ƙanwar ta ja numfashi ta dafe ƙirji.

“Yaya! Wallahi wannan ƙamshin Hajiya Kulu ne. Ji jeren kwallar nan, hannunta ne!”

Alhaji Salisu ya yi murmushi, ya cire tabarau yana gogewa.

“Ikon Allah. Malam, ai saboda ita nake neman gidan. Na daɗe ina bin yayanta Malam Idi, tana ta ja min rai, ban san me take jira ba. Sai makon jiya ta ce ta amince, a turo manya ranar Juma'a.”

Makon jiya. Makon jere.

Na ce muku mota ta kife da ni. To ranar ban ji abin da na ji a barandar nan ba. Na dafa randa. Nan take komai ya jeru a kaina: guɗar tsohuwa, ’yan masallaci, labule, gudummawa. Matar nan ta hau kujera ta kafa wa wata labule a ɗakin da take zaton na amaryata ne, ta sauko ta je ta ba da kanta.

Ihsan ta matso ta raɗa min, “Kaka, mu ce an riga an saya.”

Na harare ta. Ku duba inda nake tsaye. In na kashe cinikin, gida na nan, kalmata na nan a wuyana, bakina a ɗaure har Juma'a ta wuce. In na sayar, na miƙa wa mai neman Kulu bene da jeren hannunta. Amma bakina zai buɗe. Wani zai ce ka karya alkawarin mana, ka ruga ka faɗa mata. Wannan wani ne, ba Bahago ba.

Alhaji Salisu ya leƙa ƙasa. “Sai dai lungun nan, Malam. Ya matse.”

“Ya matse,” na ce. “Babbar mota ba ta shiga. Da damina ruwa na kwanciya a bakin titi. Kayan nan kuma duk na haya ne, ana gama ciniki za a kwashe. Ban taɓa ɓoye wa mai saye aibin gida ba.”

Ya fara juya carbi. Na ga ciniki zai suɓuce. Sai na buɗe baki na yi tallan da ban taɓa yin irinsa ba tun da nake dillanci.

“Alhaji, lungun da mota ba ta gudu a ciki, jikokinka za su yi wasa ba fargaba. Daga barandar nan kiran sallar masallatai uku kake ji, ba ka makara. Matar da ka ambata, na san sana'arta. Tana buƙatar inuwa mai iska inda za ta shanya itacen turare, ga ta nan. Tana buƙatar ɗaki a ƙasa inda mata za su shigo saye ba su ratsa falonka ba, ga shi can da ƙofarsa daban. Gwiwarta ta hagu tana damunta da sanyi, matakalar nan ba ta da tsayi, ga ƙarfen dafawa. Duk Zariya babu gidan da ya dace da ita kamar wannan.”

Ya dube ni. “Ka san ta sosai, Malam.”

“Ni dillali ne. Sanin mutane ne abincina.”

Aka kira Zaharaddini a waya. Aka ja, aka saki, aka yi albarka, aka ƙara. Can na ji ya ce, “Na sallama.” Muka tafa, aka shafa fatiha. Kafin ya kashe na karɓi wayar na koma gefe.

“Ɗana, bakina ya buɗe?”

“Ya buɗe, Baba. Allah ya saka da alheri.”

Ina idar da la'asar na tare ɗan acaɓa. Ihsan tana ƙwala min kira wai in jira keken a-daidaita-sahu, ƙashina ba na yara ba ne. Ban waiga ba.

A zauren Malam Idi na yi sallama, na aika. Ta shanya ni har inuwa ta bar dakali. Sannan ta fito cikin dogon hijabi ruwan ƙasa, ba tiren turare, ba murmushi. Ta tsaya daga ƙofar ciki.

“Ango da kansa? Ina amarya?”

“Babu amarya, Hajiya.”

“Ta fasa? Ayya. Ko labulen ne bai yi mata ba?”

“Ba a taɓa yin ta ba. Gidan na sayarwa ne. Zaharaddini ya ɗaure min baki. Jeren don masu saye aka yi, su ga kamar da mutane.”

Ta kalle ni kamar na zo da yaren da ba ta ji.

“Jere ba amarya? A ina aka taɓa yin haka?”

“A Abuja ana yi.”

“Nan Abuja ne? Malam Bahago, tun ina budurwa nake jere, ban taɓa kafa madubi ba sai da mai duba shi. Na tambaye ka, ka ce babba ce mai tsayina!”

“To ƙarya na yi? Ke nawa ce a garin nan?”

Ta juya fuska wajen bango.

“Na ga idonki ya yi ja ranar,” na ce.

“Hayaƙi ne.”

“Na yarda.”

“Wa ya sayi gidan?”

“Alhaji Salisu.”

Sai ga Kulu zaune a kan dakali. “Wa ya sayar masa?”

“Ni. Da bakina. Har na nuna masa inda za ki shanya itace.”

Dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke zuwa da hawaye. Ta kama bakin hijabi tana goge ido. “Innalillahi. Wato ka sa na yi wa kaina jere, kyauta, ka sayar wa mai nemana, sannan ka hau acaɓa ka zo ka ba ni labari?”

“Sai da na sayar bakina ya zama nawa. Yanzu nawa ne, ki saurara.” Na ajiye sanda. “Kulu.” Ban taɓa kiran sunanta haka tsirara ba, sai da ta ɗago. “Ina son ki. Aure nake nufi. Gidana na ƙasa ne, kin san shi. Ba sola, ba tayil. Akwai zaure, akwai rijiya, akwai durumi a tsakar gida. Bene kuwa na gani da idona, ya dace da ke, ba zan rage shi ba. Ki zaɓa kina sane.”

“Duk zaryar da ka yi a zauren nan ba ka da bakin faɗar wannan sai yau? Na riga na ba Yaya magana.”

“An kawo wani abu?”

“Ba a kawo ba.”

“To ba na tashi.”

Na tuɓe takalmi, na hau tabarma, na tanƙwashe ƙafa, na cire hula na ɗora a gwiwa.

“Malam, mutane na wucewa!”

“Su wuce. Sun yi min guɗar ƙarya, su zo su ga gaskiya.”

Ta dube ni, ta dubi titi. Ta zaro waya daga cikin hijabi ta kira yayanta a kasuwa, ta buɗe murya yadda zan ji.

“Yaya, akwai wani tsoho a zaurenka ya ƙi tashi.”

“Wane tsoho?”

“Bahago Dillali.”

“Wanda aka yi wa jere? Me kuma yake nema, bai ƙoshi ba?”

Ta koro masa bayani a gajarce. Malam Idi ya yi salati, ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

“Kulu, ke ba yarinya ba ce, ba zan zaɓa miki ba. Amma na ce wa mutanen Alhaji Salisu su zo Juma'a, ba zan kore su ba, mutumin kirki ne. In shi Bahagon da gaske yake, ya turo nasa ranar. Ki faɗa da bakinki, kowa ya ji. Malam Bahago, kana jina?”

“Ina jin ka, Malam Idi.”

“To tashi min daga tabarma.”

Na tashi, don yayan mace ba a musu da shi. Na sa takalmi, na ɗauki sanda. Ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Har na sa ƙafa waje sai na ji muryarta a bayana, ƙasa-ƙasa.

“Malam.”

“Na'am.”

“Wannan hular ta ji jiki. Ranar Juma'a ka sa mai ruwan goron nan. Ta fi karɓar ka.”

Ta shige ciki.

Ihsan ta ajiye wayar yanzu tana min dariya, wai in rage cika baki, maganar hula ba alkawari ba ce, wai mace mai ciwon gwiwa ba ta ƙin gida mai ƙarfen dafawa. Ita yarinya ce. Macen da za ta sallame ka ba ruwanta da abin da ke kanka.

Na kai hular wajen wanki, an ɗora ta a kan gungume. Limamin unguwarmu ya ce zai je min neman auren. Alhaji Salisu na kira shi da kaina na faɗa masa, don ba na yi wa mutum kwanton ɓauna. Ya ce, “Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.” Na ce amin, don na san abin da ya fi alherin.

Duk wanda yake ganin bene zai kayar da ni, kada ya tsaya yana rubuce-rubuce a ƙarƙashin labarin nan. Ya zo Ƙofar Doka ranar Juma'a bayan an sauko, ya tambayi gidan Malam Idi, kowa ya sani. Ya cika wayarsa da caji, ya samu wuri kusa da ƙofar zaure inda zai ji da kunnensa. Zai gan ni, ni ne mai hula ruwan goro. In Kulu ta kira sunan da ba nawa ba, ya cire hular daga kaina ya tafi da ita.